Rosalba, matar da ta zana sarakuna da alli

A wannan fili na tarihin mutanen da suka shuɗe, yau mun tsallaka teku. Za mu kawo muku labarin wata mata ƴar ƙasar Italiya, Rosalba Carriera, wadda ta rasu tun 1757 amma har gobe ana biyan kuɗi don a shiga ɗaki a kalli aikin hannunta. Kayan aikin nata kuwa ba wani abu ba ne da ya wuce ɗan sandan alli mai launi, wanda Turawa ke ce ma fastel.

Kalmar alli ba baƙuwa ba ce gare mu. Kakanninmu mata masu kaɗi suna ƙona ƙashi har ya yi fari, su riƙa dangwala yatsa ciki don mazari ya juya da kyau. Yaran lakwal kuma sun san allin da mushe ke rubutu da shi bisa baƙin allo, har da mai ja da mai shuɗi. To fastel ɗan uwan waɗannan ne, sai dai ya fi su laushi nesa ba kusa ba. Ana samo garin launi, wani daga ƙasa, wani daga dutse, wani daga tsiro, a niƙa shi lilis. Sai a haɗa da farar ƙasa gwargwadon hasken da ake so, a zuba ɗan ruwan ƙaro kaɗan don ya kama jikinsa, a murza kamar yatsa, a shanya. Ƙaron nan har da irin wanda muke ɓanɓarowa a jikin dakwara, ko da yake masu sana'ar sun fi son wani iri da ke fitowa daga ƙasashen Turkiyya da Iran. In ƙaro ya yi yawa sandan ya yi tauri, ya riƙa karce takarda. In ya yi kaɗan ya farfashe a hannu. Mai laushin, wanda ƙaronsa bai da yawa, shi ne ke ba da launi mai ƙarfi, kuma shi Rosalba ta yi suna da shi.

An haife ta a 1673 a birnin Benis, wanda Italiyawa ke kira Venezia, garin nan da aka gina cikin ruwa, inda kwale-kwale ke aikin da jaki da amalanke ke yi a wajenmu. Don mu gane nisan zamanin: shekara guda bayan haihuwarta ne Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar Adar da yaƙi. Ubanta Andrea ma'aikacin ofis ne mai ɗan albashi. Uwarta Alba tana saƙar leshi da allura, irin na hannu wanda ake wata da watanni ana tsira kafin a gama ɗan ƙyalle. Ɗiya uku suka tashi a gidan, duka mata: Rosalba, Giovanna da Angela. Aikin Rosalba na fari shi ne zana ma uwarta fasalin furannin da za ta bi da zare.

Sai kasuwar leshin Benis ta fara ja da baya, don Faransa ta kwashi masaƙa ta kafa nata. A daidai lokacin kuma shaƙar garin taba ta zama ado tsakanin masu kuɗin Turai, maza da mata, kowa da battarsa a aljihu. Rosalba ta koma zana ƴan ƙananan hotuna a cikin murfin battar taba, ana sayar ma baƙin da ke zuwa yawon buɗe ido. Nan ta fito da wata dabara. Masu irin wannan ƙaramin zane sun saba yin sa bisa fata da aka jeme ta yi kamar takarda. Ita sai ta riƙa yi bisa fallen hauren giwa, wanda farinsa ke haskowa ta ƙarƙashin launi, fuskar mutum ta fito kamar da jini a jikinta. Daga baya masu wannan sana'a a Turai duka suka bi ta. Hauren kuwa, mun san daga wace nahiya mafi yawansa ke fita, kuma mun san abin da cinikinsa ya ja ma giwaye.

A 1705 ƙungiyar masu zane ta birnin Roma, wadda ake kira da sunan San Luca, ta karɓe ta cikin mambobinta saboda wani ɗan hoto na yarinya riƙe da kurciya. A shekarun nan ne ta juya ga fastel gadan-gadan.

Kafin ita, galibin manyan masu zane sun ɗauki allin launi abin gwaji ne. Da shi ake zayyana fasali a gaggauce, sannan a je a yi hoton gaskiya da fentin mai bisa ƙyalle. Shi fentin mai yana son haƙuri: a shafa, a jira ya bushe kwana da kwanaki, a sake shafawa, mai hoton kuma ya yi ta zarya yana zama wuri guda har wuyansa ya ƙage. Fastel babu jiran bushewa. Ana samun takarda mai ɗan kaushi, galibi shuɗiya ko mai ruwan toka, don kaushin ne ke riƙe garin. A goga launi, a murza da yatsa ya narke cikin na kusa da shi, a ɗora wani bisa. Ba a dama launi a faranti kamar fenti. A kan takardar ake haɗa shi, shi ya sa mai wannan aiki ke tara sanduna ɗaruruwa, ja kaɗai ya kasu iri-iri daga mai duhu har wanda ya kusa fari. Abokan Rosalba na Roma da na Pari suna aiko mata da su. In ta gama murza fatar fuska ta yi sumul, sai ta ɗauki farin sanda ta ja shi a bushe, ba murzawa, don ta fitar da leshin wuya ko ƙyallin lu'ulu'u ko ɗigon haske cikin ƙwayar ido. Ɗiyar mai leshi ce, ta san yadda zare ke kwanciya, kuma wanda ya dubi hotunanta zai ga haka.

Wannan saurin shi ya kawo mata ciniki. Benis gari ne na baƙi. Ƴaƴan masu hali na Ingila da Jamus suna zuwa su yi ƴan makonni, musamman lokacin bikin gari da ake rufe fuska ana shagali, kuma kowa yana son ya koma gida da hotonsa. A zamanin babu na'urar ɗaukar hoto, sai bayan rasuwarta da shekara 80 da wani abu aka ƙirƙiro ta. Wanda ke son iyalinsa su tuna kamanninsa, ko uban da ke son a kai siffar ɗiyarsa wata masarauta don neman aure, dole ya nemi mai zane. Sarkin Danmak Frederik na Huɗu, da ya sauka Benis a hunturun 1708 zuwa 1709, ya zauna gabanta. Haka ɗan sarkin Saksoni na ƙasar Jamus, wanda daga baya ya hau sarautar Polan da sunan Augustus na Uku. Za mu komo kansa.

Amma fastel yana da aibi babba, kuma duk wanda ya taɓa jingina da allon lakwal da baƙar riga ya san shi. Garin ba ya shiga jikin takarda, zaune kawai yake a bisa. Yatsa ɗaya ya isa ya share hancin sarki. Girgiza tana kakkaɓe shi, laima tana sa shi fumfuna. Dole a rufe shi da gilashi, a bar ɗan tazara tsakani don kada su taɓa juna. Sa'ar da aka yi, a ƙarshen ƙarni na 17 Faransawa sun gano yadda ake zuba gilashi falle mai faɗi, shi ya ba da damar yin hotuna manya. In kuwa aka kiyaye shi, fastel ya fi fentin mai riƙe launi, don babu man da zai tsufa ya yi rawaya ko ya tsage. Hoton da ta yi shekara 300 da suka wuce, kuncin mai shi na nan ja kamar jiya aka shafa.

Ku duba wahalar aika irin wannan kaya daga Italiya zuwa Jamus ko Ingila, cikin keken doki, bisa duwatsun Alps, ko cikin jirgin ruwa. Masu gyaran tsofaffin hotuna a zamaninmu, da suka buɗe bayan wasu ayyukanta, sun tarar da ƴan takardu ƙanana a naɗe, ɗauke da hoton masanan nan uku da Kiristoci ke cewa sun yi doguwar tahiya daga gabas don gaida Annabi Isa yana jariri. Rosalba mai riƙo da addininta ce, tana soka su ne don kayan su isa lafiya. Wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana ɗinke laya cikin jakar ɗanta mai tahiya bida ba ya bukatar a yi masa bayani.

Ubansu ya rasu a 1719. Shekarar da ta biyo, wani attajirin Faransa mai son zane, Pierre Crozat, ya gayyace ta Pari ya sauke ta gidansa. Ba ta tahi ita kaɗai ba. Ta ɗauki uwarta da ƙannenta, ga kuma mijin Angela, Antonio Pellegrini, shi ma mai zane ne, ya samu kwangilar ƙawata rufin wani babban zaure na bankin sarki. Ta yi kusan shekara guda, daga bazarar 1720 zuwa farkon 1721, kuma ta riƙa rubuta abin da ke faruwa kullum a ɗan littafi: wa ya zo, wa aka zana, nawa aka biya. Littafin ya tsira, an buga shi daga baya. Manyan matan fada suna sammako suna jiran layi a ƙofarta. Ta zana Sarki Louis na 15 yana yaro ɗan shekara 10. Ta zana Antoine Watteau, babban mai zanen Faransa na lokacin, wanda ciwon tarin fuka ya riga ya ci ƙarfinsa, ya rasu a 1721 yana da shekara 36.

Shekarar ta zo da rikicin kuɗi. Wani mutumin Sikotlan, John Law, ya shawo kan masu mulki aka buga kuɗin takarda da hannun jari na wani kamfani da aka ce zai kwaso arzikin Amurka. Mutane suka sayar da gonaki da gidaje suka zuba. A cikin 1720 abin ya rushe, takardu suka zama na ƙunsa gyaɗa, Law ya gudu daga ƙasar. Inda ya je ya ƙare kwanansa kuwa, Benis ne, garin Rosalba, a 1729. Bankin da surukinta ya ƙawata ma rufi, na wannan mutumin ne.

A watan Oktoba na 1720 majalisar masu zane ta sarkin Faransa ta karɓe ta. Abin lura a nan, tun 1706 wannan majalisa ta yanke cewa ta daina ɗaukar mata. Ga baƙuwa, ga mace, ga shi da alli take aiki, amma suka buɗe mata ƙofa. Hoton da ta aiko musu na shiga yana gidan tarihi na Louvre har yau. Bayan tahiyarta fastel ya zama abin yayi a Faransa, aka samu irin su Maurice Quentin de La Tour, wanda tsofaffin ƴan bidanmu da suka zauna Faransa wataƙila sun taɓa riƙe fuskarsa ba su sani ba, don shi ne a jikin takardar faran 50 ta shekarun 1980. A shekarar da ta koma gida, 1721, a nan wajenmu aka tuɓe Agabba daga sarautar Agadas ya dawo Adar da zama.

Ta sake fita sau biyu da aka sani sosai: Modena a 1723, inda ta zana ɗiyan sarkin garin, da Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1730, fadar Sarki Charles na Shida. Sauran rayuwarta a gidanta ta yi shi, bakin babbar hanyar ruwa ta Benis, a unguwar Dorsoduro.

Ba ta yi aure ba. Mun san a wajenmu wannan magana ce mai nauyi, kuma can ma a lokacin mace marar miji galibi gidan ibada ake kai ta ta ƙare rayuwarta. Rosalba ta zauna gidansu ta riƙe shi da sana'arta. Ita ke magana da masu saye, ita ke amsa wasiƙu cikin Italiyanci da Faransanci, ita ke yanke farashi. Giovanna, wadda ita ma ba ta yi aure ba, ita ce hannun damanta: tana shirya takardu, tana cika tufafi da bango a hoto, tana kwafe waɗanda aka nema sau biyu. Akwai hoton da Rosalba ta yi na kanta, yana gidan tarihi na Uffizi a birnin Florence. Wurin an tara hotunan manyan masu zane da suka zana kansu, kowa ya fito da kayan alfarmarsa. Ita sai ta zana kanta tana riƙe da hoton Giovanna tana nuna ma mai kallo. Ta kuma koyar da ƴan mata a gidan, cikinsu har da Felicita Sartori, wadda ta shigo a matsayin ƴar aiki ta fita gwanar zane, ta ƙare a fadar Dresden.

Ba za mu ɓoye ba, akwai abin da ake kushe ta da shi, kuma da gaskiyar masu kushen. Tana gyara mutane. Mai kurajen fuska ya fito sumul, tsohuwa ta rage shekara goma, har wasu hotunan matan suka riƙa kama da juna kamar ɗiyan ɗaki guda. Mai saye ke biya, mai saye kuma ba ya son madubi mai faɗin gaskiya. Masu gyara hoto a waya kafin su sa a WhatsApp sun san zancen. Akwai kuma jerin hotuna huɗu da ta yi na nahiyoyin duniya, kowace nahiya da siffar mace. Afirka ta fito baƙar yarinya da rawani da lu'ulu'u, riƙe da macizai. Rosalba ba ta taɓa taka ƙasar Afirka ba, abin da Turawan zamaninta ke riyawa ta bi. Fuskar yarinyar dai an yi ta da kulawa, launin fatar ya fito da haske da zurfi, wanda ba kowane mai zane na lokacin ya damu ya koya ba.

Inda ba ta yi gyara ba shi ne fuskarta. A hotunan da ta yi na kanta babu ƙarin kyau ko kaɗan: mace mai faɗin fuska, mai furfura, baki a tsuke.

A ƙarshen shekarun 1730 mutuwa ta shiga gidan. Giovanna ta rasu, uwarsu ta bi ta ba da jimawa ba, Pellegrini kuma ya rasu a 1741 ya bar Angela da takaba. Rashin Giovanna ya karya ta ƙwarai. Ta ci gaba da aiki duk da haka, don a 1741 ɗin ta zana Horace Walpole, ɗan firaministan Ingila. Sai wajen 1746 ido ya fara hazo. Yana ce, irin wadda ke rufe ƙwayar idon tsofaffinmu ta mai da ita fara.

Maganin yana a wancan zamani shi ne a soka tsinke mai kaifi a gefen ido a tura yanar ta faɗa ciki, babu allurar kashe zafi, babu maganin ƙwayoyin cuta. Aikin nan ne dai masu soke ido na gargajiya ke yi har yanzu a wasu kasuwannin ƙauye. Mutum yakan ga haske na ɗan lokaci ya yi murna, daga baya sau da yawa kumburi ko hawan ruwan ido ya biyo, ganin ya tahi gaba ɗaya. An yi ma Rosalba aiki fiye da sau ɗaya. Ta ɗan samu gani, har ta sanar da abokanta, sannan duhu ya dawo bai sake ɗagawa ba. A daidai waɗannan shekaru wani likitan Faransa, Jacques Daviel, yake gwada hanyar ciro yanar waje ɗungum, wadda ita ce asalin aikin da likitocin ido ke yi yau cikin ƙasa da awa guda, su sa ɗan gilashin roba a madadinta. Dabarar ba ta iso gare ta ba.

Kafin ganin ya ƙare ta yi wani hoton kanta na ƙarshe, yana gidan tarihi na Accademia a Benis. Babu leshi, babu lu'ulu'u. Tsohuwa ce da ganye a ka, launin duk ya koma toka-toka, idanun biyu ba su kallon wuri guda.

Ta yi kusan shekara bakwai ba ta gani, a gidan nan na bakin ruwa, sai dai a karanta mata wasiƙa ta faɗi amsa a rubuta. Ba ta wulaƙanta ba, don ta tara abin da ya riƙe ta har ta bar gado. Ta rasu ranar 15 ga Afrilu 1757 tana da shekara 84, aka binne ta a cocin unguwarsu. A lokacin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana yaro bai cika shekara uku ba, an haife shi a Maratta, nan kusa da Galmi.

Mun ce za mu komo kan Augustus na Uku. Tun da ya zauna gabanta yana saurayi bai daina sayen aikinta ba. Ya baza wakilai suna bi gida gida a Benis suna saye, har ya tara 157, ya ware musu zaure guda a Dresden wanda mutane suka riƙa kira da sunanta. Wasu an sayar daga baya, wasu sun salwanta a yaƙi, don jiragen yaƙi sun ƙone tsakiyar birnin a Fabrairun 1945, sai dai an riga an kwashe hotunan gidan an ɓoye wajen gari. Yau 73 suka rage a can, kuma babu inda ya kai Dresden yawan aikinta. A 2023, cikar shekara 350 da haihuwarta, an fito da su an yi baje koli na musamman. Ƴan uwanmu da ke Jamus, wanda hanya ta bi da shi ta Dresden, gidan ana ce masa Gemäldegalerie Alte Meister, cikin ginin Zwinger. Ɗakin fastel ɗin za ku tarar an rage masa haske da gangan, saboda takarda ba ta jure rana.